Sabuwar Waya Mai Tsada: Ta Ci Kuɗinta Kuwa?

A kowace shekara, in watan Satumba ya kama, kamfanin Apple na ƙasar Amurka yakan fito da sabuwar wayarsa iPhone. Farkon shekara kuma sai kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da tasa, watau Galaxy S. Kafin a yi mako biyu labarinsu ya gama duniya, har ya iso bakin ƙofofin masana'antu na Sharada da Challawa da Bompai, inda ma'aikata ke zama cin abincin rana. Sai ka ji ana gardama: wannan ta fi waccan kyamara, waccan ta fi wannan sauri. Saurayi ya dubi wayar da ke hannunsa, wadda jiya yake alfahari da ita, yau kuwa ya ga ta zama tsohuwa.

Ya ku masu karatu, wannan zance ya shafi gidajenmu. Akwai maigidan da ya karɓi kuɗin adashi ya kai wa mai sayar da waya, alhali kuɗin makarantar yara na jiransa. Akwai matasan da suka ci bashi domin kada a raina su cikin tsara. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu auna wannan abu a hankali. Shin sabuwar waya mai tsada ta ci kuɗinta, ko kuwa wadda ke aljihu ta isa?

Inda kuɗin ke fitowa

Bari mu fara duba gumin da ake sayen wayar da shi. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, tun zamanin Turawa take. Sharada da Challawa suka biyo baya bayan samun mulkin kai. A waɗannan wurare ake jimar fata, ana narka roba a yi bokiti da takalma da leda, ana matsar mai, ana yin alewa da lemon kwalba. Dā can masaƙu sun ɗauki dubban mutane aiki, amma tun daga shekarun 1980 da yawa suka rufe, saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan aiki da kwararowar yadi mai araha daga waje. Waɗanda suka rage kuwa suna fama. A watan Afrilu na 2024 an ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa ashirin a rana. Ma'aikata da yawa na wucin gadi ne, in injin ya tsaya, albashi ya tsaya.

A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata. Gwamnatin Jihar Kano ta sa nata naira 71,000. Mu riƙe wannan adadi, gama da shi za mu yi awo.

Bari mu yi lissafi

Sa'ad da iPhone 16 Pro Max ta fito a Satumba 2024, farashinta a Amurka ya fara daga dala 1,199. Galaxy S25 Ultra kuwa, wadda ta fito farkon 2025, ta ma fi haka, kusan dala 1,300. Waɗannan wayoyi da dala ake sayo su, mu kuwa da naira ake biyanmu. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, sai ga dala ta wuce naira 1,500 cikin 2024.

To, a ɗauki dala 1,199 a kan naira 1,500. Ya kama kusan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. In aka raba wannan da naira 71,000, za a sami wata ashirin da biyar. Watau mai ƙaramin albashi zai yi aikin shekara biyu da wata ɗaya, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, bai hau ɗan sahu ba, kafin ya riƙe wannan waya. Ko wanda ke ɗaukar ninki huɗu na wannan albashi, sai ya ba da aikin fiye da wata shida.

Akwai wata hanyar awo kuma. A ce mutum ya sayi ta miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ya riƙe ta shekara huɗu cur. Kowane wata ta ci masa naira 37,500. A ce maƙwabcinsa ya sayi matsakaiciya ta naira 250,000, ya riƙe ta shekara uku. Tasa ta ci kusan naira 7,000 a wata. Tambayar da za a yi ita ce: wane aiki ne ta farkon ke yi wanda ya kai ƙarin naira dubu talatin kowane wata?

Me ke sabo a cikinta?

Gaskiya ne, dā can kowace sabuwar waya takan zo da abin mamaki. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kira da saƙo kawai ake yi, layi kuma sai mai hali. IPhone ta farko ta fito a 2007, ta kawo gilashin da ake shafawa da yatsa. Daga nan kowace shekara kyamara ta ƙara kyau, intanet ya ƙara sauri, har ana ganin bambanci da ido. Amma yanzu abin ya yi kusan ƙurewa. Tsakanin ta bara da ta bana, sau da yawa abin da aka ƙara shi ne ɗan saurin inji, da ɗan gyaran kyamara, da sabon launi. In aka ajiye su biyu a kan tebur, ba kowa zai bambanta su ba.

Kamfanonin da kansu sun nuna mana cewa waya ba ta tsufa a shekara ɗaya. Tun daga Galaxy S24 ta 2024, Samsung ya yi alkawarin zai riƙa sabunta manhajar manyan wayoyinsa har shekara bakwai. Google ya yi irin wannan alkawari ga wayarsa Pixel 8 a 2023. IPhone 6 kuma, wadda ta fito a 2014, sai a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kanta. Ashe wanda ya sayi waya mai kyau shekara biyu da suka wuce ba shi da dalilin gaggawa.

Mu tambayi kanmu abin da muke yi da waya daga safe zuwa dare. Kira, WhatsApp, Facebook, sauraron wa'azi da waƙoƙi da labarai, ɗaukar hoton yara, da tura kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma biyan kuɗi ta waya, ta OPay da Moniepoint da bankuna. Duk waɗannan matsakaiciyar waya tana yinsu lafiya lau. Shi ya sa wayoyin Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suka mamaye kasuwar Afirka. Sun lura da bukatarmu: wurin layi biyu, batir mai jimrewa, da kyamarar da ke fid da baƙar fata da kyau.

Masu talla sukan ce sabuwa tana da 5G. Kano na cikin biranen da MTN ya fara kai wa 5G a 2022. Sai dai ba kowace unguwa yake kaiwa ba, kuma yanzu akwai matsakaitan wayoyi masu shi. A tuna kuma, saurin intanet saurin cin data ne, ga shi a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi hamsin cikin ɗari.

Zafi da ƙura da hannun ɓarawo

Waya ba ta san tsadarta ba in ta shiga wahala. Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Mu kuwa a Kano, watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin da ake narka roba. Ga ƙurar hunturu tana toshe wurin caji, ga danshi da sinadarin majema, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta tafi ba sallama. Gilashin babbar waya in ya fashe, kuɗin canza shi da na asali yakan iya sayen sabuwar ƙaramar waya sukutum.

Sa'an nan ga ƙwacen waya, wanda ya zama abin kuka a Kano cikin 'yan shekarun nan, har an yi asarar rayuka. Ma'aikacin da ke tashi aikin dare, ko mai fita da asuba neman abin hawa, in ya ɗauki dukiyar shekara biyu a aljihun riga, ya ɗauki damuwa ke nan. Wanda aka ƙwace wa mai araha ya yi baƙin cikin mako guda. Wanda aka ƙwace wa mai tsada, wadda kuma bai gama biyan bashinta ba, zai daɗe yana biyan abin da ba ya hannunsa.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani ranar saye. Tun 2020 Apple ya daina sa kan caja cikin kwali, Samsung ya bi sawu a manyan wayoyinsa a 2021. Sai ka sayi caja, da riga, da gilashin kariya. Masu ba da waya a biya kaɗan-kaɗan kuwa, in aka haɗa jimlar abin da za a biya, yakan fi farashin kuɗi hannu nesa, kuma in ka yi jinkiri sai a kulle wayar daga can. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fid da shi.

Wa ya kamata ya saya?

Ba mu ce babbar waya banza ce ba. Aikinta na da kyau, kyamararta ta fi, takan kuma yi daraja in za a sayar. Ga wanda waya ce jarinsa, zancen dabam ne. Mai ɗaukar hoto da bidiyo a bukukuwan aure, ko mai sana'ar takalma da jakunkunan fata da ke tallar kayansa ga masu saye a Legas da Abuja da ƙasashen waje, hoto mai kyau yana iya kawo masa ciniki. Irin wannan mutum ya ɗauki takarda ya rubuta: nawa wayar za ta ƙara mini a wata, wata nawa kuma za ta yi kafin ta mai da kuɗinta? In lissafin ya fita, ya saya kamar yadda tela ke sayen keken ɗinki. Ko shi ma, ta bara takan yi masa aikin, gama farashinta kan sauka da zarar sabuwa ta fito.

Ga sauranmu, alamun canza waya uku ne. Na ɗaya, in manhajar banki ko WhatsApp ta ƙi aiki a kanta. Na biyu, in kamfani ya daina aiko mata gyaran tsaro, alhali kana ajiye kuɗi a cikinta. Na uku, in kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin sabuwa irinta. In kuwa saurin mutuwar caji ne kaɗai, a canza batir. In ta cika ne, a kwashe hotuna da bidiyo a share tarkace. Da tsohuwar zuma ake magani.

In za a sayi ta hannu

Da yawa sukan nufi kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut neman wadda aka yi amfani da ita a Turai. Wannan dabara ce mai kyau in an yi hattara. A danna *#06# a ga lambar wayar, a gwada ta da wadda za a rubuta a rasit. Kada a yarda a tafi ba rasit mai sunan shago, domin sayen kayan sata yana kai mutum hannun 'yan sanda. A tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud ko Google, in ba haka ba wayar na iya kullewa. A duba lafiyar batir. A iPhone, in ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, ya kusa canji. A sani kuma, tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka ba su da wurin sa layi, sai an je ofishin kamfanin sadarwa an ɗora musu layin da ba na kati ba. A sa layi a yi kira, a gwada kyamara da lasifika da caji tun ana gaban mai shago.

Shawara a gida

Abu mafi muhimmanci shi ne kada a yi wannan saye a ɓoye. Maigida, kuɗin da ya kai albashin watanni ba na aljihunka kaɗai ba ne, ka zauna da uwargida ku duba haya da makaranta da hatsi da abin da aka ajiye domin rashin lafiya. Uwargida, ke ma haka, in kuɗin adashinki ya fito. Iyaye, in yaro ya matsa sai irin ta abokinsa, kada ku tsawata masa kawai. Ku zaunar da shi, ku yi lissafin nan tare, ya ga wata nawa babansa zai tsaya gaban inji domin ta. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara ne talla ta fi yawa, Janairu kuwa da kuɗin makaranta yake zuwa.

Ga wata dabara mai sauƙi. In sha'awar sabuwar waya ta kama ka, ka ba kanka wata ɗaya tukuna. Sau da yawa kafin watan ya ƙare sha'awar ta kwanta, kuɗin kuma na nan. Wanda ya raina ka saboda wayarka, ko ka sayi ta bana, baɗi wata za ta fito ya sāke raina ka. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Amsarmu ke nan: ga yawancin gidajenmu, sabuwar waya mai tsada ba ta ci kuɗinta ba. A riƙe wadda ke aiki, a gyara wadda ta gyaru, in canji ya zama dole a sayi daidai ƙarfi. Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya sa a hannunmu.