Opeyori: Ɗan Legas Da Ya Ɗauki Zinare A Akra Da Ƙwallon Gashin Agwagwa

Idan ana hirar wasanni a rumfunan kasuwar Aboabo a nan Tamale, ko a bakin iyaka a Paga da Bawku, zancen ba ya wuce ƙwallon ƙafa. To amma akwai wani wasa da ake kira badminton, wanda ake bugawa da 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu ana tsallakar da ita kan raga, kuma a cikinsa ne wani matashi ɗan Nijeriya ya daɗe yana riƙe da kambin Afirka.

Sunansa Anuoluwapo Juwon Opeyori, an haife shi a Legas a 1997. Ya zama zakaran Afirka a wasan mutum ɗaya a 2019 a Fatakwal, a shekarar kuma ya ci zinare a Wasannin Afirka da aka yi a Maroko. A 2020 ɗan Moris, Julien Paul, ya karɓe kambin, amma Opeyori ya dawo da shi a 2022, ya sake a 2023 da 2024. Idan mai karatu bai manta ba, Ghana ce ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka a watan Maris na 2024, kuma a zauren Borteyman da ke Akra ya doke ɗan ƙasarsa Godwin Olofua a wasan ƙarshe. Wannan Olofua shi ne abokin bugunsa a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Ka ga abin ya zama na cikin gida.

A Olamfik ta Faris a 2024 shi da Tobi Amusan suka riƙe tutar Nijeriya. Sai dai a fili an fitar da shi tun zagayen farko, bayan ya sha kashi a hannun Li Shifeng na Sin da Tobias Künzi na Suwizalan. Zakaran nahiya guda ke nan.

A ganinmu ba ƙarancin gwaninta ba ne ya jawo haka, magana ce ta kuɗi, kuma ɗan kasuwa zai fi kowa gane ta. Ƙwallon da ake gasa da ita gashi 16 ake jera mata, na agwagwa ko na dinya, nauyinta kusan giram 5 kacal. Gashin yakan karye bayan 'yan bugu, saboda haka a wasa ɗaya ana cinye da yawa. Ana sayar da ita dozin-dozin a kwali mai kama da bututu, mafi yawa daga Sin ake yo odarta, kuma farashinta ya tashi a 2024 da 2025 saboda masu kiwo a can sun rage agwagi. Duk wanda ke canza sidi ko naira zuwa dala ya san sauran labarin. Bugu da ƙari, rashin nauyinta ya sa tilas a yi gasa a rufaffen zaure, don iskar hunturu irin tamu ta arewa sai ta yi gaba da ita. Sannan matsayi a duniya da maki ake samunsa, makin kuwa sai an hau jirgi an bi gasa ƙasa-ƙasa.

Ƙaramar ƙasa ma tana iya fitar da gwani. Yankin Wales na Birtaniya, mai mutane wajen miliyan 3, ya fitar da Kelly Morgan, wadda ta ci zinare a wasannin Kwamanwel na 1998 a Kwala Lumfur, ta kuma je Olamfik sau 3.

Lambar da Nijeriya ta samu a Faris a wannan wasa kuwa daga ɓangaren masu naƙasa ta fito. Mariam Eniola Bolaji, daga Jihar Kwara, ta ci tagulla a watan Satumba na 2024, ita ce ta farko daga Afirka da ta yi haka. Kocinta na farko, Bello Oyebanji, ya rasu a haɗarin mota a 2021, bai ga ranar ba. Allah ya jiƙansa.