Bindigar Toka Da Masu Ɗura Ta A Ƙasar Barno

A ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar gyaran libarba, watau ƙaramar bindigar nan mai tukunya tana juyawa. Mutum ya sayi tasa sabuwa fil daga kanti, amma ya kai ta wurin gwani a sake mata mariƙi daidai da tafin hannunsa, a sassauta kunamarta, a rage tsawon hancinta. Harsashi kuma ba ya yarda da na kamfani. In ya yi harbi sai ya tsince kwanson, ya koma gida ya sake ɗura shi da albarushin da ya auna da kansa. Wani makiyayi mai suna Elmer Keith, mutumin Jihar Aidaho, ya shafe shekaru yana irin wannan gwaji, har wata libarba ta taɓa fashewa a hannunsa saboda yawan ɗuri. Daga gwajinsa ne kamfanin Smith & Wesson da na Remington suka fito da harsashin nan mai suna .44 Magnum wajen shekarar 1955, wanda faɗinsa ya kusa milimita 11.

To, abin da waɗancan ke yi don nishaɗi, a Maiduguri da kewayenta tilas ce ta koya wa mutane shi tun kaka da kakanni. Sai dai a nan ba libarba ake magana ba, bindigar toka ce, wadda masu zolaya ke kira harba-ka-ruga, domin in ka harba ba ka samu ba, babu sauran dabara sai ta ƙafa.

Barno ba baƙuwar bindiga ba ce. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya samo Turkawa masu harbi, ya kuma sa aka koya wa bayin gidansa, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta a cikin tarihin yaƙe-yaƙensa. Amma da Bature Denham da abokan tafiyarsa suka iso Kukawa a cikin 1823, zamanin Shehu Laminu, doki da mashi da sulke suka tarar su ne ƙarfin rundunar Barno, bindiga kuwa 'yar kaɗan ce. Dalili bai ɓuya ba. Sayen bindiga sau ɗaya ne, ciyar da ita kuwa kullum ne. Tana bukatar albarushi da dalma da ƙanƙara, tana bukatar maƙerin da zai ɗora ta in ta karye, kuma muddin waɗannan sai sun ƙetaro Hamada a bayan raƙumi, to ran da ayari ya yi jinkiri bindiga ta zama sanda.

Sarakunan da suka gane haka su ne suka ci moriyarta. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana harhaɗa albarushi a Zinder, har ana zuba igwa ta tagulla. Can yamma kuma Samori Ture yakan sa a tsince kwanson harsashi bayan an tashi daga fagen fama, maƙeransa su sake ɗurawa, suna kuma ƙera kwatankwacin bindigogin Faransa da hannu. Shi kuwa Rabe, da ya ci Barno a 1893 ya rushe Kukawa ya zauna a Dikwa, da ƙarfin bindiga ya yi, kuma babbar damuwarsa ke nan har ƙarshen ransa. Turawa sun riga sun ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal a 1890 cewa kada a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, sai masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka ya dogara ga maƙeransa wajen gyara da harhaɗa albarushi. Bai ishe shi ba. Ran 22 ga Afrilu, 1900, Faransawa suka kashe shi a Kusuri.

Waccan yarjejeniya ita ce ta bar wa talaka bindigar toka. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Danmak, domin fatakensu ne suka yi suna wajen sayar da ita a gaɓar teku, musamman a Ankara ta ƙasar Gana, ko da yake daga baya yawancinta a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙerawa. Da ta daina zuwa daga waje, maƙeran gida suka karɓi aikin.

A nan ne gwanintar take. Maƙeri ba ya ƙera bindiga biyu iri ɗaya, domin ba mutum biyu iri ɗaya. Yakan dubi tsawon mai ita da tsawon hannunsa kafin ya sassaƙa ƙota, yakan tambaye shi abin da yake farauta, domin mai neman zabo da ƙadangaren daji ba ya bukatar irin ta mai bin gada ko mugun dawa. Bayan ta fita daga maƙera sai maharbi ya ɗora nasa: ya naɗe ta da fata, ya buga mata ƙusoshin tagulla, ya rataya mata layu da wuri, wani har ya laƙaba mata suna. Ba kowa ne zai taɓa ta ba, kuma ba a tsallake ta.

Ɗuri kuwa shi ne rai da mutuwa. Bindigar toka ta baki ake ciyar da ita, kuma ba ta da wani kamfani da ya rubuta mata iyaka. Kowane maharbi da ma'auninsa, galibi wanda ya gada daga ubansa ko ubangidansa, kuma ma'aunin wata bindiga ba ya yi wa wata. In ɗuri ya yi kaɗan, dabba ta tafi da rauni, in mai faɗa ce ta juyo kansa. In ya yi yawa, ƙarfe ya tsage, yatsu ko ido su tafi. Hatsarin ya ƙaru tun da harsashin zamani ya yawaita. Albarushin da ke cikinsa wani iri ne dabam marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago a 1884, kuma ƙarfin bugunsa ya fi abin da bututun maƙeri zai iya ɗauka nesa ba kusa ba. Yaron da ya farke harsashin soja ya juye a bindigar toka, yana zaton ya yi dabara, kabarinsa yake haƙawa. Tsofaffin maharba sun san wannan, abin tsoro shi ne waɗanda suka riƙi bindiga ba su zauna gaban kowa ba.

Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Libarba da sauran ƙananan bindigogi an sa su gida ɗaya da makaman soja, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta Turawa tana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka kuwa, wadda ake ɗurawa ta baki, sha'aninta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba laifi ne. Watau abin da Ba'amurke ke yi a ɗakinsa da libarbarsa, a Nijeriya hanyar gidan yari ce. Ko maƙerin ƙauye ma yakan tsinci kansa tsakanin doka da sana'ar gado, kuma ba za a zargi hukuma ba in ta sa ido, tun da wutar da ke ƙera bindigar maharbi ita ce kan ƙera ta ɗan fashi.

Da can an ɗauka bindigar toka ta zama kayan biki, sai ran hawan Salla a ji ta tana ruri a ƙofar fadar Shehu a Yerwa, garin da Shehu Garbai ya komo a 1907, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi ta zabura. Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a Maiduguri a 2009, shi ya komar da ita daji. A watan Mayu na 2014, bayan sace 'yan matan Cibok, ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri da bindigoginsu na toka da kwari da baka da layu, suna neman a ba su izini su shiga dajin Sambisa. A 2019 kuma gwamnatin Jihar Barno ta ɗauki maharba don su taimaka wa jami'an tsaro, saboda sun fi kowa sanin sawu da hanyoyin daji.

Sai dai mai karatu ya auna tazarar da ke tsakani. Bindigar nan AK-47 da 'yan ta'adda ke riƙewa tana ɗaukar harsashi 30 a ɗuri guda, tana kuma zazzage su kafin mutum ya gama ƙifta ido sau goma. Maharbi kuwa in ya saki harbinsa ɗaya tak, sai ya tsayar da bindiga a ƙasa, ya buɗe ƙahon albarushi, ya auna, ya zuba, ya danna da sanda, duk a tsaye a gaban wanda bai daina harbi ba.