Kafin Ka Saya Wa Iyayenka Na'urar Intanet: Jan Hankali Ga 'Ya'yan 'Yan Fansho A Boɗinga Da Shagari

Da wuya ka shiga gidan tsohon ma'aikaci a Boɗinga ko Shagari ba ka tarar yana da ɗa ko 'ya a Sakkwato, Kaduna ko Abuja ba, wani ma a Saudiyya. Dattijo ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ya dawo gida ya zauna, abin da yake so bai wuce ya ga fuskar jikokinsa a waya ba, Inna kuma ta saurari karatun malamai. Sai ɗa ya zo hutun Sallah da rauta, wato na'urar intanet, sabuwa fil a kwali, a kunna, a yi ta murna. Bayan wata biyu ka koma, za ka same ta bisa kabad an rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Datar kyautar da ta zo da ita ta ƙare, kuma ba a taɓa zama an yi shawarar wanda zai riƙa biyan kuɗin wata ba.

Nan ne kuskuren yake. Kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, kuɗin data kuwa kowane wata yana nan tafe, ko fansho ya shigo ko bai shigo ba. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka yi ritaya a ƙananan hukumomi abin da ke shigo musu bai kai haka ba, a ciki kuma za a sayi gero da magani. Saboda haka duk wanda zai haɗa wa iyayensa intanet, ya fara tambayar kansa ko aljihunsa zai ɗauki kuɗin har shekara ta zagayo. In ba zai ɗauka ba, kada ya ɗora wa tsoho nauyin da bai nema ba.

Sai maganar sabis. Intanet ɗin da ake jawo wayarsa ta ƙarƙashin ƙasa har cikin gida, da kuma 5G da ake ta talla, harka ce ta manyan birane. A garuruwanmu abin dogaro shi ne ƙarfen sabis na kamfanonin waya, shi kuwa ba ya raba ƙarfinsa daidai. Wanda ke bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Tambuwal zai iya samun 4G cikakke, wanda ke can cikin Sifawa, Kajiji ko Dandin Mahe ya samu wani abu dabam. Kai, a gida ɗaya ma, zaure na iya kamawa ɗakin Baba ya ƙi, domin katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis. Kada ka yi aiki da maganar mai shago a kasuwa, bai taɓa kwana a gidanku ba. Ka ari wayoyi masu layin MTN da Airtel da Glo, ka zauna a daidai inda tsohon yake zama, ka kira wani ta bidiyo. Ka gwada da hantsi, ka sake gwadawa bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau, domin a nan ne layi ke nuna halinsa. Wanda ya ɗore ba yankewa, shi ne naku, ko da tallarsa ba ta kai ta sauran ba.

Bayan wannan gwaji, mutane da yawa za su gane ba sa ma bukatar rauta. Idan Baba da Inna ne kawai, kuma abin da suke yi bai wuce WhatsApp ba, waya ɗaya mai 4G da tsarin data na wata ta wadatar, a kunna hosfot ɗayan ya ja. Kiran murya ta WhatsApp kaɗan yake ci. Bidiyo ne ke lashe data, awa guda ta bidiyo mai kaifin hoto na iya cinye gigabait ɗaya ko fiye. Labarai kuwa, rediyon Rima da BBC Hausa suna nan a akwatin rediyo ba da ko kwabo ba. Rauta tana da amfani ne a babban gida mai ɗalibai, ko inda sabis ke da rauni har sai an ɗora eriya a kan dogon ƙarfe. In za a saya, a tambaya ko tana karɓar kowane layi, domin wadda kamfani ke sayarwa da araha galibi a kulle take, layinsa kaɗai take ɗauka. A kuma nemi mai batiri ko wadda fawa bank zai iya riƙewa, tunda kowa ya san halin wutar lantarki a yankinmu. Kada a bar ta a rana ko a jone dare da rana lokacin bazara, zafin Afrilu kan kumbura batiri.

Wasu za su ce ai ga Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, yana kama ko'ina sararin sama yake a buɗe. Gaskiya ne yana aiki. Amma kayansa ɗaruruwan dubban naira ne, kuɗin watansa a 2025 ya haura naira 50,000, ga shi yana son wuta a tsaye. Wannan na makaranta ne ko asibiti ko ƙungiyar da za ta yi karo-karo, ba na ɗan fansho ba. Haka nan tsarin da ake cewa ba shi da iyaka: a karanta sharuɗɗansa, yawanci akwai adadin da in an kai shi sai a rage gudun har hoto ya ƙi buɗewa.

Ranar da ka haɗa, ka ɗauki wayar ka gyara ta da hannunka. Ka kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, domin zaurukan dangi da na tsofaffin abokan aiki ba sa gajiya da turo abubuwa. Ka hana bidiyon Facebook kunna kansa. Ka rubuta wa Baba waɗannan lambobi da manyan baƙaƙe a bayan kalanda, tunda daga 2023 iri ɗaya ne a duk layuka: *312# sayen data, *323# duba abin da ya rage, *310# duba kuɗi, *305# soke tsare-tsaren da ke zarar kuɗi ba da saninsa ba. A tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. Cin bashin data kuwa a guje shi, kamfani na cire ladarsa. Mafi sauƙi, kai ka riƙa saya masa daga inda kake, ka sabunta kafin wa'adin ya cika, domin a yawancin tsare-tsaren wata ragowar datar na bin sabuwa. A sa wa rauta kalmar sirri, in ba haka ba samarin unguwa za su mai da gindin katangarku majalisa.

Abin da ya fi tsadar data ciwo shi ne damfara. Tsohon da ya shiga intanet jiya bai san kan 'yan damfara ba, su kuwa sun san ranar da fansho ke shiga. Za su kira cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, daga ofishin fansho ne, za mu saki ariyas ɗinka, karanto mana lambar da ta shigo wayarka yanzu." Da ya karanta, asusu ya tafi. Hukumar PTAD mai kula da 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari tana da hanyar tabbatar da cewa mutum yana raye ta intanet, inda ake ɗaukar hoton fuska da waya, kuma ba ta karɓar kuɗi a kan haka. Ɗa ko jika amintacce ya zauna ya yi wa tsoho, kada a miƙa takardunsa ga baƙo. A nanata wa iyaye cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin kati, ko BVN, ko lambar da aka turo ta saƙo.

Layin da ke haɗe da asusun banki kada a sa shi a rauta, kada kuma a bar shi a waya in za a kai ta shagon caji ba tare da an sa masa lambar kulle ba. Sabon layi a yi masa rajista da NIN ɗin mai shi, a guji wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Layin da aka jingine watanni ba a amfani da shi, kamfani na iya rufewa ya ba wani, saƙonnin banki su koma hannun da ba a sani ba.

Idan an zare wa iyayenku kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ku fara kiran kamfanin a 300, ku karɓi lambar ƙorafi ku adana. In ba su gyara ba, ku kira NCC a 622, kiran kyauta ne.