Batirin Mota Mai Zuƙewa a Ajiye: Gano Matsalar da Gyaranta

Batirin ƙaramar mota ɗaki shida gare shi, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1, shi ya sa lafiyayyen batir da ya cika yake nuna 12.6 a mita. In ya sauko 12.2 rabin cajinsa ya tafi, in kuwa ya yi ƙasa da 12 da ƙyar zai juya kik. Motar da aka ajiye lafiya ƙalau, bayan kwana ɗaya ko uku ta ƙi tashi sai da turi, ɗaya daga abu uku ke damunta: batirin ya gaji, ko altaneta ba ta cika shi, ko wani abu na shan wuta bayan an zare makulli. Masu mota da yawa kan garzaya su sayi sabon batir, bayan sati biyu shi ma ya kwanta, domin randar da ke yoyo ba a maganinta da ƙarin ruwa.

Da batirin ake farawa. A kai shi wurin mai caji ya cika, a ajiye shi ba a haɗa da komai ba har ya kwana, sannan a auna. In ya faɗi da kansa, kwanansa ya ƙare. Zafi irin na bazarar Sakkwato ko Maiduguri yana ƙafar da ruwan batir, yana cin farantan dalmar da ke ciki, don haka batir a ƙasar zafi bai cika kai shekarun da yake yi a Turai ba. Batir mai murafu, in ruwansa ya ja baya, tataccen ruwa ake ƙara masa, ban da asid, ban da ruwan famfo. A kuma duba kawunansa: farin garin da ke taruwa a kai yana hana caji shiga, ƙura mai danshi a saman batir kuma tana iya zama hanyar da wuta ke zurarewa.

Gwajin altaneta ba ya ɗaukar lokaci. A ta da mota a ɗora mita a kan batir. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Al'adar nan ta wasu kanikawa, ta zare kan batir mota na aiki don a ga ko za ta mutu, ganganci ce. A motocin yanzu tana iya ƙona kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya ninka na batir.

In waɗannan biyu lafiyarsu lau, saura ɓarawon wuta, kuma nan ne aikin yake. Kowace mota tana ɗan shan wuta ko a kashe take, saboda agogo, rediyo da na'urar kulle ƙofa, amma bai kamata ya wuce miliam 50 ba, wato 0.05 na am. Ƙwan but mai wat 5 da ya kwana a kunne yana shan kusan am 0.4, a kwana uku ya cinye rabin batir mai lamba 60. Ƙaramin abu irin wannan, wanda ido ba ya gani don murfi a rufe yake, ya isa ya hana mutum fita aiki.

Don kama ɓarawon, ana kashe komai, a zare makulli, a kwance baƙar waya mai alamar ragi. Ita ake fara kwancewa kullum, domin jikin mota da ita yake haɗe. In aka fara da jar waya, sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi kusa da batirin da ke fitar da iska mai kama wuta. Sai a juya mita zuwa ma'aunin am 10, a haɗa bakinta ɗaya da kan batir, ɗayan da wayar da aka kwance. Kada a kuskura a yi kik a wannan hali, mitar ba za ta ɗauka ba. Sannan a yi haƙuri: kwamfutocin motar zamani kan ɗauki rabin awa ko fiye kafin su yi barci, wanda ya karanta mita da wuri zai zargi abin da ba shi da laifi. Ƙofar da za a bari a buɗe, a danna sakatarta da sukundireba, mota ta ɗauka a rufe take.

In lambar ta tsaya a sama, sai a bi fis ɗaya bayan ɗaya, na ƙarƙashin bonet da na kusa da sitiyari, ana zarewa ana kallon mita. Wanda aka zare lamba ta faɗi, layinsa ne mai laifi, kuma murfin akwatin yakan nuna abin da layin ke ciyarwa. Galibi abin da aka ƙara bayan an sayi motar ake kamawa: rediyon da aka canza, sifika, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin diddigi, ko cajar waya da aka bari a soket mai wuta dare da rana. Wani lokaci kuma rile ne ya maƙale. In an gama fis duka ba a ga canji ba, a nemi wayar da wani mai wayarin ya ɗaura kai tsaye a kan batir, sannan a cire babbar wayar altaneta, domin diyod ɗinta in ya lalace yana barin wuta ta koma ta cikinta mota na kashe.

Gyaran kansa bai cika tsada ba: a canza makunni ko rile, a mayar da abin da aka ƙara kan layin da ke mutuwa da makulli, a sa masa fis nasa. Motar da za ta daɗe a ajiye a kwance mata baƙar waya, ko a yi tafiyar rabin awa da ita duk mako. Ɗumama inji na minti biyar da safe ba ya cika batirin da ya ja baya. Batirin da ya zuƙe gaba ɗaya kuma a kai shi caji a hankali, kada a bar wa altaneta. Duk zuƙewa ɗaya tana rage masa ƙarfi, kuma in ya daɗe a haka farantansa kan daskare da gishirin da caji ba ya narkarwa.