Aikin Gwamnati Ba Albashi: Ɗaliban Da Ke Koyon Tsare Sirrin Marasa Lafiya A Amurka

A ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Amurka akwai wani ofishi na kare 'yancin jama'a, wanda ake kira OCR a taƙaice. Idan ma'aikaciyar asibiti ta leƙa fayil ɗin maƙwabciyarta don ta san ciwon da ke damunta, ko asibiti ya ƙi samar wa kurma mai fassara da hannu, nan ake kai ƙara. Ofishin ya sha ɗaukar ɗalibai, musamman masu karatun lauya, su yi hutun bazara ko zangon karatu guda suna koyon aiki. Da yawa daga cikin guraben nan ba a biyan ko sisi.

Uwargida za ta iya cewa, a ƙasar da ke da arziki haka? Ƙwarai kuwa, kuma doka ce ta yarda. Tun 1978 aka ba hukumomin tarayya izinin karɓar ɗalibi ya yi aikin sa-kai, muddin yana makaranta, makarantar ta amince, kuma ba a kori ma'aikaci don a saka shi ba. Ba a lissafa shi a ma'aikacin gwamnati sai a abubuwa kaɗan, kamar idan ya ji rauni a bakin aiki.

Abin da ke ja ɗalibai duk da haka shi ne aikin kansa. Ofishin ne ke sa ido kan dokar HIPAA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, sashenta na sirri kuma ya fara aiki a 2003. Dokar ta hana asibiti da kamfanin inshorar lafiya bayyana bayanan mara lafiya ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma ba mara lafiya damar neman kwafin fayil ɗinsa, a ba shi cikin kwana 30. Wanda aka tauye wa haƙƙi yana da kwana 180 ya shigar da koke. Ba wasa ake yi ba. A 2011 asibitocin jami'ar UCLA sun biya dala 865,500 bayan an gano ma'aikata na leƙa fayilolin wasu fitattun mutane da ke jinya. A 2018 kamfanin inshora na Anthem ya biya dala miliyan 16 bayan masu kutse sun sace bayanan mutane kusan miliyan 79.

Ɗaya ɓangaren aikin ya fi wannan tsufa. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk wanda ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambancin launin fata ko asali. A lokacin, asibitoci da yawa a kudancin Amurka na da ɗakin kwanciyar farare daban, na baƙaƙe daban, wasu ma ba sa karɓar baƙar fata sam. Da aka zo fara shirin inshorar tsofaffi na Medicare a 1966, gwamnati ta ce asibitin da bai rushe wannan wariya ba, ba zai ga kuɗin shirin ba. Cikin 'yan watanni dubban asibitoci suka miƙa wuya. Dokar 1973 ta ƙara da masu buƙata ta musamman. Yau matar da ba ta jin Turanci, ko Hausa kawai take ji, tana da haƙƙin a nemo mata tafinta a asibitin da ke cin kuɗin tarayya, ba a ɗora wa ɗanta mai shekara goma fassara maganar ciwon mahaifa ba.

Ɗalibin da ya shiga irin wannan ofishi yakan karanta koke-koken jama'a, ya binciko hukunce-hukuncen kotu, ya rubuta daftarin wasiƙa wadda babban jami'i zai duba. Wata uku na haka sun fi shekara a aji, kuma sunan ma'aikatar a takardar neman aiki na buɗe ƙofofi.

Sai dai mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009. Awa 40 a mako, mako 12, ya kama dala 3,480. Wannan ne mafi ƙanƙantar abin da ɗalibi ya yafe, da a ce a shago ko gidan abinci ya yi hutunsa. Ga kuɗin haya a Washington, ɗaya daga cikin biranen da suka fi tsada a ƙasar, ga abinci, ga kuɗin jirgin ƙasa. Wani abin takaici ma, idan jami'a za ta ƙirga aikin a matsayin darasi, sau da yawa sai an biya ta kuɗin darasin. Ya zama yaro na biya don a bar shi ya yi aiki kyauta.

Albashin da gwamnati ba ta biya ba, wani ne ke biya, kuma galibi iyaye ne. Gidan da ke da hali zai turo kuɗi ba tare da ya ji a jikinsa ba. Gidan da uwa ke aikin jinyar tsofaffi da dare, uba na tuƙa tasi, 'yarsu za ta ga tallar gurbin ta wuce. Nan ne abin ya fi ci mini rai. Ofishin da aka kafa domin talaka, da baƙo, da mai lalura, ya sa ƙofar shigarsa inda 'ya'yan waɗannan mutanen ba sa iya kaiwa. Yarinyar da ta taso tana raka kakarta asibiti tana yi mata fassara ta fi kowa gane koken da ke kan tebur, kuma ita ce ba za ta zo ba.

Amurkawa sun daɗe suna wannan muhawara. Ƙungiyar Pay Our Interns, wadda aka kafa a 2016, ta matsa wa Majalisar Dokoki lamba har aka ware kuɗin biyan ɗalibai masu koyon aiki a kasafin 2019. A 2022 Fadar White House ta fara biyan nata dala 750 a mako, Ma'aikatar Harkokin Waje ma ta buɗe shirin da ake biya a shekarar. Amma dokar 1978 na nan, kowace hukuma da yadda ta ga dama. Duk uwar da ta taɓa ɗaukar nauyin kuɗin mota da na abincin ɗanta wata shida yana IT a nan gida, yana jiran alawus ɗin ITF, ta san labarin.

Ga 'yan'uwa da ke da 'ya'ya a can, akwai abubuwan tambaya kafin a ce to. Na farko, takardu: guraben tarayya da yawa sai ɗan ƙasa, kuma ɗalibin da ke kan bizar karatu kada ya fara kowane aiki, ko da kyauta ne, sai ya ga ofishin ɗaliban waje na makarantarsa. A duba shirin Pathways a shafin USAJOBS tukuna, shi ana biya. Makarantun lauya da yawa na da asusun tallafa wa masu aikin al'umma a lokacin hutu, amma sai an nema da wuri. A tambaya ko hukumar na ba da kuɗin sufuri, domin doka ta ba ta dama, a kuma tambaya ko za a iya yin aikin na rabin lokaci, ko a reshen ofishin da ke kusa da gida, a huta da haya. Kada a ɗauka gurbin alkawarin aiki ne. Ba shi ba ne.

Idan kuma Allah Ya sa ta samu, ki shirya wa wani sauyi. Za ta riƙa dawowa da labarai cike da ciki, na masu ciwon daji da masu ɗauke da cutar HIV da matan da aka tona wa asiri a wurin aiki, kuma ba ta da izinin faɗa wa kowa, har ke. Idan kika ce, "Yau me kuka gani?" ta yi murmushi ta ce, "Umma, aiki ne dai," kada ki matsa.