Jirgin Sama Ya Cika Shekara Ɗari a Ƙasar Hausa, Ina Gidan Tarihinsa?

Duk shekara maniyyata daga Kurfi da Dutsin-Ma, har da garuruwa irin su Tamawa, suna tashi zuwa Saudiyya daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina. Amma tambayi 'yan rakiya yaushe jirgi ya fara sauka a ƙasar Hausa, da wuya ka sami amsa.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925 ne. Jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, Arthur Coningham na jagorantarsu, suka bi ta Sudan da Chadi har Kano. Filin jirgi babu shi a lokacin, a filin sukuwa suka sauka. Jirgin kuwa katako ne aka lulluɓe da yadi, fukafukai biyu sama da ƙasa, mutum biyu kawai yake ɗauka, kansu a waje iska na dukansu.

Mai son ganin irin wannan jirgi da idonsa sai ya je Landan, gidan tarihin sojan sama da ke Hendon. Amfanin irin wannan gida ke nan. Yaro ya tsaya gaban jirgi, ya ga ƙusa da waya da farfela, sai ya gane ba tsafi ba ne, aikin hannu ne da lissafi. A Washinton ma an ajiye jirgin 'yan'uwan nan biyu, su Wright, wanda tashinsa na farko a 1903 daƙiƙa 12 kacal ya yi.

Mu ba labari muka rasa ba, wurin ajiya muka rasa. A 1936 Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Masar. An kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya a 1964. Nigeria Airways ya yi zamaninsa daga 1958 zuwa 2003. Akwai kuma ranar baƙin ciki, 22 ga Janairu, 1973, da jirgin alhazai ya yi hatsari a Kano, mutum 176 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ga Kabo Air, ga Max Air na ɗan Katsina Alhaji Ɗahiru Mangal.

Ba sai an jira katafaren gini ba. Ɗaki guda a gidan tarihi na Katsina, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ya isa a fara: hotuna, tsofaffin tikitoci, fasfon alhazan da, da muryoyin matuƙa da injiniyoyin da suka yi ritaya. Hukumomi da masu kamfanonin jirage, ku nemi dattawan nan a naɗi bayaninsu tun suna raye.