Jos: Garin Kuza, Garin Mawaƙa

Gabatarwa

Da zarar an ambaci Jos, abin da kan fara zo wa mutane a rai shi ne sanyi da duwatsu da dankalin Turawa, wasu kuma rikici. Amma akwai wani arziki da garin ya daɗe yana fitarwa wanda ba a cika lissafawa ba, wato mawaƙa. Wannan ɗan rubutu zai kawo wasu daga cikinsu, ya kuma nuna dalilin da ya sa gari ɗaya ya fitar da masu salo iri-iri haka.

Tushen Al'amarin

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen wannan yanki suna da kaɗe-kaɗensu, kamar kundung na Birom da rawar asharuwa ta Afizere. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka shiga haƙar kuza, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, wani layin kuma daga Fatakwal a 1927. Daga nan leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauransu, kowa da gangarsa. Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su a barikin kuza da kasuwa, har da majami'u, inda ƙungiyoyin Zumuntar Mata ke rera waƙoƙinsu da ita. Ni kaina ba Hausa ake yi a gidanmu ba, a layin unguwarmu na koye ta.

Ɗan Maraya Jos

Babu yadda za a yi zancen waƙa a Jos ba a fara da Alhaji Adamu Ɗan Maraya ba. An haife shi a Bukuru a 1946. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, shi ya sa wannan laƙabi ya bi shi. Abin kiɗansa kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya, kuma shi kaɗai yake waƙarsa ba 'yan amshi. Ya bambanta da makaɗan fada domin ya fi karkata ga talaka da zaman iyali, kamar yadda ake gani a waƙoƙinsa na Karen Mota da Jawabin Aure da Mai Akwai da Babu. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015.

Mawaƙan Bishara

A wannan fage akwai Panam Percy Paul, mutumin Adamawa wanda ya kafa cibiyarsa ta waƙa a Jos, ya horar da matasa da dama. Akwai kuma Jeremiah Gyang, ɗan Birom, wanda waƙarsa Na Ba Ka ta zagaye ƙasar nan, har waɗanda ba sa jin Hausa suna rera ta.

Mawaƙan Zamani

A Jos aka haifi Innocent Idibia, wato 2Baba, a 1975, wanda ya fito da African Queen a 2004. A nan kuma aka haifi tagwayen P-Square, Peter da Paul Okoye, a 1981, suka fara rawa da waƙa tun suna makarantar sakandare ta St. Murumba. A wannan shekarar aka haifi Jude Abaga, wato M.I, wanda faifansa Talk About It na 2008 ya ɗaga darajar waƙar gambarar zamani a Nijeriya. Shi da ƙanensa Jesse Jagz da Ice Prince duk sun yi tashe a kamfanin Chocolate City na Audu Maikori, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Jos. Ice Prince ya saki Oleku a 2010, ya kuma ci kyautar BET ta Amurka a 2013.

Abin Lura

Idan mai karatu ya duba da kyau, zai ga yawancin waɗannan mawaƙa asalin iyayensu ba Jos ba ne. 2Baba ɗan Idoma ne daga Binuwai, su P-Square daga Anambara, su M.I kuma daga Takum ta Jihar Taraba. Ice Prince ɗan Angas ne na Filato, amma a Minna aka haife shi. Ke nan ba jini ya haɗa su ba, cuɗanya ce. Yaron da ya tashi yana jin kalangu a bikin maƙwabta, ranar Lahadi ya ji jita a coci, da dare ya ji waƙar Turawa a rediyo, kunnensa ba zai tsaya a kan salo ɗaya ba.

Wannan cuɗanya ce rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka yi wa illa, domin unguwanni da dama sun rabu bisa addini. Bugu da ƙari, yawancin mawaƙan zamanin sai da suka koma Legas kafin duniya ta san su.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Idan yaran Unguwar Rogo da na Jenta Adamu ba su haɗu a filin wasa ɗaya ba, da wuya garin ya sake fitar da irin waɗannan gwanaye. Mu ɗaliban Hausa kuwa, aiki na jiranmu: mu tattara waƙoƙin Ɗan Maraya, mu rubuta su, mu kuma nazarci Hausar mawaƙan Jos tun masu labarin suna raye.